Buhu Tamanin da Wayar Shafa

Buhu tamanin na wake ne a magazata, wato ɗakin ajiyar kayana, a wannan kakar, kowane buhu tiya arba'in. Na tattaro su kaɗan-kaɗan daga kasuwannin ƙauye, rabi daga wajen Gaffati, sauran daga Guna da ƙauyukan da ke bayanta. In ka cire gidan da nake ciki da moto ɗina, duk abin da na mallaka yana cikin buhunan nan. Mutum ɗaya na tara wa su, wani Alhaji a Kano da muka shekara goma sha ɗaya muna hulɗa. In ya ɗauka, na samu ribar shekara. In bai ɗauka ba, ko dai in karyar da su a kasuwar gari lokacin da kowa ke da wake, ko in riƙe su har bazara ina faɗa da ƙwaro. Abin da ya tsaya tsakanina da cinikin kuwa waya ce, wadda aka ce mini kuɗinta ya kai buhu biyu da 'yan tiyoyi.

A duk shekarun nan Alhaji bai taɓa taka Damagaram ba. Wakilinsa yake aikowa, wani dattijo mai ƙarancin magana. Yakan zo da ƙarfensa, siririn bututu mai tsini da muke soka wa buhu don mu zaro abin da ke tsakiya, ya zaɓi buhunan da ya ga dama ya soke, ya murza waken a tafin hannu, ya ciji ɗaya, sannan ya kira maigidansa ya ce a yi lodi. To a wannan shekarar ciwon ƙafa ya zaunar da dattijon. Alhaji ya kira ni wata Talata da hantsi ya ce ba shi da wani wanda ya yarda da idonsa, saboda haka in ɗauki hoton waken in aika masa, haka mutanen Maradi suke yi masa tun bara. Na ce wayata ba ta da ido. Ya yi dariya.

"To sayi mai ido mana, Malam. Ku mutanen Damagaram akwai kuɗi, tsoron taɓa shi ne ya yi muku yawa."

Ya ba ni mako biyu, don a lokacin ne kamyonsa, babbar motarsa, zai shigo ɗaukar kaya, kuma ba zai koma da rabin ciki ba.

Wayata ta lokacin ƙarama ce mai maɓallai, na ɗaure bayanta da roba. Tana kwana biyar ba ta nemi kuran ba, wato wutar caji, tana da fitila, ta faɗi daga kan moto sau biyu ba ta ce komai ba. Na daɗe ina ganin mutane suna shafa gilashi da yatsa kamar masu lallashin mage, ban taɓa jin ƙyashi ba. Amma daga ranar da Alhaji ya yi maganar sai idona ya buɗe. Na fara lura cewa kusan kowa a layinmu na da ita, har mai gasa nama.

Kwana huɗun farko ban tambayi kuɗin ko ɗaya ba. Haka nake yi a kasuwar ƙauye: in zagaya sau biyu hannuna a baya kafin in buɗe baki. Na riƙa tambayar masu ita. Direbobi suka ce in duba batiri, sauran duk zance ne. Maƙwabcina mai sayar da tattasai ya ce in ɗaga in ji, wadda ta fi nauyi ita ce mai ƙarko. Wani ma'aikacin lakwal, wato makarantar boko, da ke sayen wake a wajena ya jero mini lambobi da Faransanci har kaina ya yi zafi. Kowa tasa yake yabo, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar hoton wake da ita, balle ya gaya mini abin da nake son ji.

Sai na yi abin da na iya. Na soki buhu ɗaya na ɗebi cikin hannu, na tsinto ƙwaya biyar da ƙwaro ya huda daga sharar bara na zuba a ciki, na ƙara ɗan tsakuwa ɗaya, na ƙulle a hankici na sa a aljihu.

Mai shagon da na nufa sa'ana ne, da can gyaran rediyo yake yi. Na zaɓe shi ne saboda wata rana na kai masa rediyo ya duba ya ce kar in ɓata kuɗina, ta mutu. Wanda ya taɓa ƙin karɓar kuɗinka ya cancanci ka koma masa. Yanzu ya samu shago mai ƙofar gilashi kusa da kasuwa, wayoyi jere a kan teburi, kowace da igiyarta a jikin bango. Muka gaisa, na kwance hankicin na baje a kan teburinsa. Ya dubi waken, ya dube ni.

"Mai wake, nan ba ma karɓar musaya."

Na ce ba biya na zo yi da shi ba, gwaji na zo yi. Duk wayar da zai nuna mini, ta fara ɗaukar hoton wannan tukuna. Ya ce tun da ya buɗe shagon mutane fuskarsu suke ɗauka, ko ta 'ya'yansu, ni ne na farko da ya zo da abincin rana. Amma ya yarda, kuma na ga abin ya fara ba shi sha'awa.

Ta farko okaziyo ce, wato wadda wani ya yi amfani da ita ya sayar, kuɗinta bai kai buhu ɗaya ba. Hoton da ta fitar kamar an jiƙa waken an dama. Na ture ta gefe.

Ta biyu ita ce ya ce ana rububinta. Faffaɗa ce, bayanta na walƙiya, da ido huɗu a jere. Na tambaye shi me waya za ta yi da ido huɗu alhali mutum da biyu yake ciniki. Ya waiga ya ga babu kowa, sai ya sa yatsa ya rufe na ƙasa, hoton bai motsa ba. Ya rufe na biyu, ya rufe na uku, shiru. Ɗaya ne ke aiki, sauran ado ne. Na daɗe ina juya wannan a raina, yadda wani a can wata ƙasa ya zauna ya yi shawarar manna wa waya idon ƙarya saboda ya san halinmu. Da ta ɗauki waken kuwa, sai da na sake leƙa hankicin don in tabbatar nawa ne. Ya fito fari tas, sumul, kamar an wanke shi an shafa masa mai. A cikin huji biyar ɗaya kawai na iya samu, shi ma don na san inda na ajiye shi. Mai shagon ya ce aikinta ke nan, wanke fuska take yi, shi ya sa ake son ta. Ya juya ta ya ɗauke ni. Tabon da ke goshina tun wata faɗuwa a hanyar Mirya ya ɓace, na koma kamar ƙanena.

Ta uku ba ta da wani kwarjini, baƙa ce, ido biyu. Ta nuna hujin nan biyar, ta nuna tsakuwar, har ta nuna wata ƙwaya mai tsagaggen bawo da ni kaina ban lura da ita ba. Sai mai shagon ya ɗora yatsu biyu a kan gilashin ya ware su, waken ya taso ya cika fuskar wayar, ƙwaya ɗaya ta zama kamar ƙwan zabo. Na ga bakin hujin, na ga garin da ƙwaron ya bari a gefensa. Shekara ashirin ina sayar da wake ban taɓa ganin cikin hujin ba. Na sa shi ya maimaita sau uku. Na tambaye shi ko abin da ya girma ɗin yana cikin wayar tun farko ko kuwa ƙirƙira take yi, ya ce shi gyaran rediyo ya koya.

Ban saya ranar ba. Kuma ba zan ɓoye ba, mai ido huɗun ce ta bi ni gida. Ni ɗan kasuwa ne, kuma an nuna mini abin da zai sa kayana su fi na Maradi kyau ba tare da na taɓa buhu ba. Kwana biyu ina auna ta. Abin da ya raba ni da ita ba wa'azi ba ne. Hoto yana isa Kano kafin ka sauke hannu, amma buhu na biye da shi, kwana uku ko huɗu, kuma Alhaji na da nasa ƙarfen a can. Ranar da ya ɗora hoton kusa da abin da ya zaro, hulɗar shekara goma sha ɗaya ta ƙare. Wakena ma ba mummuna ba ne. Abin da nake buƙata shi ne a gan shi yadda yake.

Na koma na ce baƙar nake so. Ya ce jika saba'in, wato sefa dubu saba'in. Na taya hamsin da biyar, ya ce albarka. Muka ja, na miƙe sau ɗaya kamar zan tafi, ya bar ni na kai ƙofa don ya san ba inda za ni. Muka tsaya a sittin da biyar. Sai ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya ɗauko kwali a liƙe da leda, ya ajiye a gabana.

Na ce wannan kuma mece ce. Ya ce ita ce wayata, sabuwa, ba wanda ya taɓa ta. Na ce ni ba wannan na gwada ba.

"Iri ɗaya ce, mai wake. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Buhunan mutum ɗaya ma gona ɗaya suke fitowa. Wanda na soka shi nake ɗauka."

Ya yi mini bayani da haƙuri. Ya ce ta kan teburin ta gwaji ce, ta yi watanni a nan jone da kuran dare da rana, kowa ya zo sai ya latsa ta, kuma mutane har ƙari suke biya don a ba su wadda ba a buɗe ba. Ina jin sa, amma abin da nake gani daban ne. Sau nawa a ƙauye aka cika mini tiya da wake mai kyau, aka ce sauran buhun duk haka yake, na zo gida na tarar da ƙasa a gindi? Dokar da ta tsare mini jari tun ina ɗaukar tiya biyar a bayan keke ita ce kar in biya kuɗin abin da ban ga cikinsa ba. Bai zo mini a rai ba in ce ya buɗe kwalin mu gwada sabuwar a nan take. Na riga na sa a kaina cewa duk abin da aka ɗauko daga ƙarƙashin teburi bayan an gama ciniki, canji ne.

Da ya ga ba zan sauka ba, ya ɗaga kafaɗa. Ni kuma na ce tunda da bakinsa ya ce an lallatsa ta, sai ya rage. Ya rage jika uku, ya rubuta a takardar shaida cewa ta kan teburi ce, ya ce shi dai ya faɗa mini. Na fito ina jin na yi ciniki biyu a zama ɗaya.

Kafin in tafi ya mayar mini da layina cikinta, ya sa lambar Alhaji a wurin da ake aika hoto da murya, ya nuna mini inda zan taɓa. A nan wata matsala ta fito: gilashin ba ya jin babban yatsana. Ɗinkin bakin buhu da igiya ya sa fatar ta yi kanta, in na shafa kamar ban shafa ba. Muka gwada yatsu ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin ne kaɗai ta yarda da shi. Har yau da shi nake aiki, kamar mai ɗanɗana miya.

Daga shagon magaza na wuce kai tsaye, saura kwana shida kamyo ya zo. Magazata ɗaki ne dogo mai rufin kwano, ƙofa ɗaya, ba taga. Na kwance bakin wani buhu a can ciki, na ɗauki hoto uku, na aika, na zauna ina jin daɗin kaina. Bayan la'asar saƙon muryar Alhaji ya shigo. Ya ce Malam, wannan ai waken bara ne, ya yi ja. In haka ne zai ɗauki arba'in don mutunci, kuma a rage jika biyu a kowane buhu.

Na buɗe hoton na duba da idon mai saye. Gaskiyarsa. Waken ya fito jaja-jaja, dusu-dusu, kamar ya shekara a rumbu. A shago na gwada wayar, inda haske ke shigowa ta gilashi, ban yi tunanin duhun ɗakina zai shiga hoton ba. Na kira shi na rantse na bana ne. Ya ce bai ce na yi ƙarya ba, amma shi abin da aka nuna masa ya gani, kuma ya riga ya yi wa wani na Maradi alkawarin wani sashe na motar.

Washegari da hantsi ban fita da wuri ba. Mai ɗakina na zaune a bakin rumfa da faifai a cinya tana tsintar waken da za a dafa. Na miƙa mata wayar na ce ta duba abin da aka ce waken bara ne. Ta duba, ta tambaye ni a ina na ɗauka. Na gaya mata. Ta ce wa yake tsintar wake a cikin ɗaki? A rana tsaka ma ba a yi, don komai fari yake zama, tsakuwa ta ɓuya. A bakin inuwa ake zama, da hantsi, a baje shi ƙwaya ɗaya-ɗaya kar wani ya hau wani.

"Shekara ashirin kana sayar da shi, Malam, ba ka taɓa tsince shi ba."

Na ɗauki hoton faifan da ke cinyarta a nan inda take. Waken ya fito kamar in sa hannu in ɗiba, kuma daga buhunan nan ne na kawo shi gida. Na ce ta ara mini faifan.

A magaza na sa masu dako suka fito da buhuna bakin ƙofa, na bi su da gawayi na rubuta wa kowane lamba, ɗaya zuwa tamanin. Hoto kaɗai ba zai wanke ni ba yanzu, don Alhaji zai iya cewa na zaɓo mai kyau ne. Washegari da hantsi na kira shi ta kiran da ake ganin juna, wanda mai shagon ya nuna mini. Karon farko ke nan da na ga fuskarsa. Na ɗauka babban mutum ne mai jiki, ashe siriri ne da tabarau. Shi ma ya ce ya zaci na fi haka tsufa. Na jingina wayar a kan wani buhu, na ce ya faɗi lambar da ya ga dama.

Ya ce goma sha bakwai. Na nuna masa lambar, na soka ƙarfe a tsakiyar buhun yana kallo, na zuba a faifai a bakin inuwa, na baje, na ajiye ƙwandalar dala ashirin a gefe don ya ga girman ƙwayar, na kawo wayar kusa. Sai ya ce hamsin da biyu. Muka sake. Ya ce in juya wancan na gefen hagu, na juya. Ya ce saba'in. Na ɗaga ƙarfe ke nan gilashin ya yi baƙi.

Alhali da asuba na cire ta daga kuran a cike. Ko awa ɗaya ba mu yi ba. Na latsa, na girgiza, na hura mata iska kamar garwashi. Maƙwabcina mai tattasai ya ara mini tasa na kira Alhaji, na gaya masa abin da ya faru, har da yadda na ƙi ta cikin kwali. Ya yi dariya har da tari. Ya ce buhu biyun sun ishe shi, waken bana ne, farashi ya koma yadda muka saba. Sai dai wurin da ya rage a motar na buhu hamsin da biyar ne, don ba zai warware alkawarin da ya yi wa na Maradi ba. Ban ja ba. Da ni ne ma haka zan yi.

Bayan an yi lodi na koma wurin mai shagon. Tun daga ƙofa ya tambaye ni ko batirin na zo sokawa. Ya buɗe ta ya nuna mini, ya kumbura kamar ƙosai saboda zaman da ya yi a jone. Takardar da ya rubuta ta hana ni bakin magana. Sabon batiri jika bakwai, ban nemi ragi ba.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Waya jika sittin da biyu, batiri bakwai, marfin gilashi da kiredin aika hotuna uku, saba'in da biyu ke nan. Buhu hamsin da biyar sun tafi Kano a farashinsu. A cikin ashirin da biyar da suka rage, goma na sayar a gari da faɗuwar jika ɗaya da rabi kowane, jika sha biyar ke nan. Sha biyar na riƙe har bazara: biyu ƙwaro ya shiga na sayar wa masu kiwo a rabin kuɗi, jika talatin ta tafi, sha uku kuma suka ƙaru da jika uku-uku, talatin da tara ta dawo. Faifan mai ɗakina ta ce ya sha ƙurar magaza, sai da na saya mata wani. In aka haɗa aka cire, na yi ƙasa da shekarar da aka saba da jika saba'in da takwas, kusan buhu biyu da rabi, kuma jika huɗu a ciki taurin kaina ne kawai. Da kaka ta zagayo, Alhaji ya aiko da murya ya ce in tara masa ɗari.